Kunne, Hannu da Sikeli: Gwanintar Gane Tsohon Kuɗi na Gaskiya

Duk dalar azurfar da ka taɓa gani a wuyan wata dattijuwa a Tsafe, ko a kitson Bafulatana a kasuwar Bungudu, ko a ƙasan adakar kakarka a Gusau, in ka juya bayanta shekara guda za ka tarar a rubuce: 1780. Ba dalar Amurka ake nufi ba, babbar nan ce mai hoton mace da lulluɓi a ka, wadda manya ke kira liyari. Matar ita ce Mariya Tarisa, sarauniyar Ostiriya, kuma a 1780 ɗin ta rasu. Fataken ƙasashen Larabawa da Habasha da Borno da ƙasar Hausa sun saba da fuskarta har ba su yarda da wata ba, shi ya sa aka ci gaba da buga ta ba a taɓa lambar shekarar ba. An buga a Biyana, an buga a Rum da Landan da Bambai, har adadin ya haura miliyan 300, kuma gidan buga kuɗi na Ostiriya yana buga ta har gobe.

Saboda haka idan wani ya ɗora hotonta a Facebook ko TikTok ya ce ga kuɗin da ya haura shekara 240, a taya, mai yiwuwa ne dalar ba ta girmi mai sayar da ita ba. Mai yiwuwa kuma ko azurfa babu a jikinta. Hoto ba zai raba wannan gardama ba. Wanda ke raba ta yana zaune a wata ƙaramar rumfa, da sikeli da baƙin dutse da 'yar kwalba a gabansa: maƙerin fari, mai aikin azurfa da zinari.

Kafin a je rumfarsa, yana da kyau a san yadda aka yi tsofaffin kuɗi suka cika gidajen wannan yanki. Dala ta shigo ta Sahara a hannun fataken Tarabulus. Lokacin da Bajamushen nan Heinrich Barth, wanda ake kira Abdulkarim, ya sauka Kano a 1851, ya tarar ana canza dala guda da wuri 2,500. Wuri shi ne kuɗin cefane, dala kuwa ta ajiya ce da ado, kuma ita ce ma'adanin maƙera: a narka ta a yi munduwa, a yi zobe, a yi wa doki kwalliya. Da Turawa suka zo sai suka kawo nasu. A 1907 aka fito da kwabo da anini masu huda a tsakiya, da tauraro mai tsini shida da rubutun Larabci. A 1913 taro da sisi da sule da fataka suka biyo baya. Layin dogon da ya taso daga Zariya ya ratsa Funtuwa da Tsafe da Gusau ya tuƙe a Kaura Namoda a 1929, Gusau ta zama matattarar gyaɗa da auduga, kuɗin kaka ya riƙa shiga ƙauyuka jaka-jaka. Manomi ba shi da banki, sai tukunya da rami. A 1959 Babban Bankin Najeriya ya fito da nasa sulallan, ranar 1 ga Janairu 1973 naira ta kori fam. Abin da ba a canza ba ya yi kwantai a gidaje, shi ne yau jikoki ke tonowa suna ɗaukar hoto.

To, a kai wa maƙeri dala a ga abin da zai yi da ita. Ba ya fara duban fuskar matar. Yana karɓa ya ɗora a tafin hannu, ya ɗan jijjiga. Dala ta gaskiya giram 28 ce da ɗigo, kashi 833 cikin 1,000 na jikinta azurfa, sauran jan ƙarfe. Hannun da ya shekara yana ɗaukar azurfa ya haddace wannan nauyin. Wadda aka yi da tagulla aka shafa mata fari, in girmansu ɗaya, ba za ta wuce giram 23 da 'yan kai ba, kuma hannu na jin giɓin tun sikeli bai yi magana ba. Mai jabu ya san haka, sai ya ƙara kauri don nauyi ya cika. Shi ya sa maƙeri ke ajiye tasa dalar da ya amince da ita, ya haɗa su gefe da gefe tsakanin yatsu biyu. Idan nauyi ya yi daidai amma ɗaya ta fi kauri, magana ta ƙare.

Daga nan sai kunne, kuma a nan ne abin ke burge mai kallo. Zai ɗora dalar a kan ɗan yatsa, ta tsaya ba a matse ta ba, ya ɗan ƙwanƙwasa bakinta da wani sulen. Azurfar da aka buga da inji takan yi amo siriri mai tsawo, yana tafiya yana raguwa a hankali. Wadda aka zuba da dalma ko kuza takan ce ƙwas, ta yi shiru. Tagulla na da amo, amma gajere ne, muryarsa daban. Akwai kuma dalar gaskiya wadda ta tsage a ciki, ko aka taɓa liƙa mata kunne aka rataya a wuya, ita ma muryarta takan dishe. Gwani yana rarrabe dishewar tsaga da mutuwar dalma, ɗan koyo kuwa duk ɗaya yake jin su. Da yawa za ka ga maƙerin ya kawar da kai gefe yana ƙwanƙwasawa, ko kallon abin ba ya yi, don kada ido ya ruɗi kunne.

Sai ya dawo kan ido, ya fara da baki. A kewayen bakin dala akwai rubutun Latin mai tudu, ma'anarsa adalci da rangwame, da 'yan zane-zane tsakanin kalmomin. An yi shi ne don kada wani ya kankare gefen ya saci azurfa. A nan jabun zubi ke tona kansa: rubutun ya cakuɗe, ko a ga siririn layi ya zagaye bakin, wurin da ɓari biyu na mazubi suka haɗu, ko a ga alamar magagari inda aka goge layin. A fuskar kuma akan ga 'yan ƙananan ramuka, sawun iskar da ta maƙale lokacin zubi. Kuɗin bugu kaifin zanensa tsaf yake, gashin gaggafar nan mai kai biyu da ke baya ɗaya bayan ɗaya. Tun zamanin fatake ana duba maɓallin da ke kafaɗar sarauniyar, ana ƙirga duwatsun da suka kewaye shi. In sun shafe, dalar ta sha hannu, kuɗinta ya ragu. Maƙeri ya san wuraren da tsufa ke fara ci: kumatu, gashin goshi, kafaɗa. In ya ga tudun yana nan daram amma kwarin ya dusashe, ya san wannan tsufan na haya ne, an jiƙa ta a wani abu don ta yi duhu.

Mayen ƙarfe ma yana cikin kayan aiki, amma maƙeri bai ɗauke shi alƙali ba. In ya kama, babu azurfa, an gama. In bai kama ba, ba a ce komai ba tukuna, domin tagulla da dalma ma ba ya kama su. Waɗanda suka yi boko cikin masu sana'ar sun ƙara da gwajin ruwa. A ɗora kofin ruwa a kan sikelin lantarki, a mayar da lamba sifiri, a ɗaure dala da zare a nutsar ba tare da ta taɓa gindin kofin ba. Ta gaskiya za ta nuna kimanin giram 2.75, ta tagulla mai nauyin giram 28 kuwa sai ta kai 3.3. Lissafin da hannu ke yi a ɓoye ne aka fito da shi fili.

Gwajin ƙarshe shi ne dutse da ruwan asid, kuma maƙerin kirki ba ya yin sa sai ya nemi izini. “Hajiya, in ɗan goga?” In an yarda, sai ya goga bakin a kan baƙin dutse ya bar layi, ya ɗiga ruwan. Azurfa takan yi fari kamar madara, jan ƙarfe da tagulla su yi kore. Da yake shafe na iya tsallake guga ta sama-sama, wani lokaci sai an ɗan tsaga da magagari an leƙa ciki. Jerin gwaje-gwajen ma hikima ce: ana farawa da wanda ba ya ɓata kaya, a ƙare da mai barin tabo, kuma sau da yawa ba a kaiwa can.

Wannan dutsen dai shi ke aiki a kan zinari, kuma Gusau ba baƙuwa ba ce a nan, tun da zinarin da ake haƙowa a Anka da Maru da Bukkuyum ya tara masu saye da masu gwaji a garin. Abin da ya fi shafar gidaje shi ne sisin gwal, wanda ake biyan sadaki da shi, mata kuma ke ajiye dukiyarsu a cikinsa. Galibi giram 8 ne, karat 21 ko 22, wato kashi 875 ko 916 cikin 1,000. Na Ingila na asali giram 7.98 ne, karat 22. Mai gwaji yakan ja layin sisin a dutse, ya ja layin zinarin da ya san karat ɗinsa a gefe, ya ɗiga ruwa a kan duka biyun, ya zuba ido ya ga wanne zai fara dusashewa. Da bambancin launi da saurin cin ruwan yake faɗin karat, kuma da wuya ya yi nisa da gaskiya. Aikin ya wuce ciniki kawai. Nisabin zakka dinari 20 ne, wato giram 85 na zinari, mafi ƙarancin sadaki a mazhabar Malikiyya kuwa rubu'in dinari. Wanda aka ba shi shafe a matsayin gwal, an cuce shi a aljihu, an kuma rikita masa lissafin ibada.

Sai dai tsohon kuɗi farashi biyu gare shi, maƙeri kuwa ɗaya yake yankewa. Shi kuɗin ƙarfen yake biya: nauyi kaza, azurfa kaza, ga abin da ta kama yau. Masu tara tsofaffin kuɗi don sha'awa, waɗanda suka fi yawa a Turai da Amurka da ƙasashen Larabawa, su ƙarancin abu da lafiyar fuskarsa suke saye. Iliminsu na shekaru ne da alamomi. Sun san sulen Afirka ta Yamma mai hoton kwakwar manja daga 1913 zuwa 1919 azurfa ce kashi 925, a 1920 aka rage ta, sannan aka koma tagulla gaba ɗaya. Sun san a 1938 an sake ƙarfen, aka yi wa bakin sule kwari na musamman saboda masu buga jabu sun addabi hukuma. Sun san aninin farko na 1907 da sanholo aka yi shi, bai jure ba, aka sauya a 1908. Suna neman ɗan ƙaramin harafi, H ko KN, wanda ke nuna masana'antar da ta buga a Ingila, domin shekara guda na iya zama banza da wannan harafi, ta yi tsada da wancan. Sun kuma san abin da ba shi da wuya ko da labarinsa na da daɗi. Kwabon 1936 mai sunan Sarki Edward na Takwas, wanda ya sauka daga gadon sarautar Ingila bai cika shekara ba, an buga shi da yawan gaske, kuɗinsa kaɗan ne, amma kullum ana tallarsa kamar shi kaɗai ya rage a duniya.

A nan ne mutanenmu ke tafka asara da kyakkyawar niyya. Mutum ya tono sulallan kakansa, ya ga sun yi duhu, sai ya samo toka da lemun tsami ko tsamiya ya dirje su har su yi ƙyalli, wai don su yi kyau a hoto. A wurin maƙeri bai rage komai ba, azurfa tana nan. A wurin mai tarawa kuwa ya kashe kayan, domin wannan duhun da shekaru suka shimfiɗa shi ne shaidar ba a taɓa su ba, dirza kuma tana barin ƙananan ƙarce da madubin ƙara girma ke nunawa. Haka wanda aka huda, ko aka liƙa wa kunne, ko aka lanƙwasa aka yi zobe: ya fita daga kasuwar masu tarawa, ya koma ta sikeli.

Amurkawa sun daɗe da wannan rigima ta mai saye ya ce ta tsufa, mai sayarwa ya ce sabuwa ce fil. A 1949 wani mai suna William Sheldon ya tsara ma'auni daga 1 zuwa 70, ɗaya ita ce wadda ta shafe har da ƙyar ake gane ta, saba'in wadda ba ta da ko ƙwarzane. A 1986 aka kafa kamfanin PCGS, a 1987 aka kafa NGC. Aikinsu su karɓi kuɗin, ƙwararru su tabbatar na gaskiya ne, su ba shi maki, a rufe shi cikin roba mai tauri da lambar da kowa zai iya bincikawa a intanet. In aka duba da kyau, aikin maƙerin fari ne aka yi wa ofis da hatimi, don wanda ke nesa ya iya saye bai taɓa ba. Kuɗin da bai bi ta wannan hanya ba, shaidarsa ɗaya ce, bakin mai shi. Ko robar ma yanzu ana yin jabunta, sai an duba lambar an gwada hoton da ke rumbun kamfanin da abin da ke hannu.

Yanzu a auna abin da waya ke ƙwacewa. Babu nauyi, babu amo, babu kauri, bakin ma da wuya a nuna shi. Fuska kaɗai ta rage, ita ce kuma mai jabu ya fi ƙwarewa a kai. Haske na ɓoye ƙarce, ana iya ɗauko hoton na gaskiya a turo na bogi, bidiyon ƙwanƙwasa kuma ba ya tabbatar da cewa wadda aka ƙwanƙwasa ita za a sa a mota. Gwanjo ya ƙara nasa: an ce saura minti goma a rufe, ga wasu suna ta ƙara tayi, ba ka san ko abokan mai kayan ba ne suke zuga farashi. A kasuwa kana iya tayawa a ce albarka, ka zaga ka dawo. A gwanjon waya gaggawar ita ce tarkon. Manyan dandali irin su eBay suna da hanyar mayar da kuɗi, amma a zauren WhatsApp da ka tura kuɗi aka toshe lambarka, sai dai ka kai ƙara wurin Allah. Hausawa sun riga sun yanke hukunci, ba a cinikin biri a sama. Matsalar tsaro a hanyoyin Zamfara ta sa mutane da dama sun gwammace su yi ciniki daga ɗaki, kuma 'yan damfara sun san da haka.

Mai sayarwa ma bai tsira ba. Akwai masu bugo waya su ce wani Bature na neman kwabo mai huda na shekara kaza a kan miliyoyi, amma sai an biya kuɗin rajista ko na gwaji. Wani lokaci ɗaya ya zo neman irin kuɗin ruwa a jallo, kwana biyu wani ya ɓullo da shi a farashi mai sauƙi, kai kuma ka saya don ka ci riba, daga nan duka biyun su ɓace. Duk cinikin da mai kaya ne zai fara biya, ba ciniki ba ne. Akwai kuma kishiyar haka, a raina maka abu mai daraja a saye shi a kuɗin ƙarfe.

Abin da ya sa gwanintar maƙeri ta fi ƙarfin na'ura shi ne yadda ake samun ta. Yaro yakan fara da zuga, ya koma wanki da goge kaya, ya daɗe yana kallo kafin a miƙa masa dutse. Dubban azurfa na gaskiya sun ratsa hannunsa, shi ya sa na ƙarya ke yi masa baƙunta nan take, ko da bai iya faɗin dalili ba. Sannan yana da abin da zai rasa. Rumfarsa ba ta tashi, an san mahaifinsa, akwai Sarkin Maƙera da shugabannin kasuwa da za a kai ƙararsa. In ya ce azurfa ce, ya yarda ya saya a kan haka, kuma wannan ita ce shaidar da ta fi kowace: mai gwajin da zai sa kuɗinsa a kan maganarsa. Gwani na gaske kuma ya san iyakarsa. Za ka ji ya ce, “Ƙarfen dai na gaskiya ne, amma ko tana da wata daraja ta daban, wannan sai masu abin.”

Wanda ke son shiga wannan harka, hanya a buɗe take, sai dai a bi ta da tsari. Kada a biya sai kaya sun zo hannu, ko a ajiye kuɗin wurin amintaccen da ɓangarorin biyu suka yarda da shi, da sharaɗin gwaji a gaban maƙeri. A nemi hoton baki da na kan sikeli tun kafin a taya. In ba a san tarihin abu ba, kada tayi ya wuce kuɗin ƙarfensa, don ko labarin ya zama ƙarya azurfar ta mayar da uwar kuɗi. Abin gado kuwa kada a wanke shi, kada a huda, kada a sayar a rana ɗaya da jin farashi. A kai wa maƙeri biyu, a rubuta nauyi da shekara da harafin da ke jiki, sannan a bincika. Mai son ganin na gaskiya da idonsa, Babban Bankin Najeriya na da gidan tarihin kuɗi a Abuja, daga wuri har naira. Ladan gwaji a rumfar maƙeri bai taka kara ya karya ba, kuma a duk cinikin tsohon kuɗi babu kuɗin da ake kashewa da ya fi shi amfani.